Faci A Jikin Jirgin Sama: Aikin Masu Dubawa Kafin A Tashi

Jawabin da wani ɗan ƙasar Zuru, tsohon injiniyan gyaran jiragen sama, ya gabatar a madadin 'yan'uwansa masu wannan sana'a a wurin taron ƙungiya na shekara-shekara.

     

Da shugabannin ƙungiya suka aiko mana da takarda cewa bana mu ne za mu yi wa jama'a bayani kan sana'armu, sai da muka ɗan yi jim. Mu 'yan ƙalilan ne daga wannan ƙasa da Allah ya ajiye abincinmu a ƙarƙashin fikafikan jirage, kuma aikinmu ba shi da daɗin ba da labari a dandali. Soja in ya zo hutu, kakinsa ya ishe shi gabatarwa. Matuƙin jirgi kuwa har rakiya yara suke yi masa. Amma mu, in muka ce wa tsohuwa a Rikoto ko Isgogo aikinmu shi ne neman tsaga a jikin ƙarfe, sai ta ɗauka walda muke yi a bakin tasha, ta yi mana addu'a Allah ya kawo wanda ya fi shi. Wani ma zai tambaya, me ya haɗa Zuru da jirgin sama, garin da jirgin fasinja ba ya sauka? To, a dubi wannan zaure. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da ba sa wata guda ba su hau jirgi ba. Akwai alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi, akwai 'yan'uwanmu Kirista masu zuwa ziyara Urushalima, akwai kuma tsofaffin sojojinmu da aka kwasa a cikin C-130 zuwa Laberiya da Saliyo. Kowanne daga cikinsu ya taɓa miƙa ransa, bayan Allah, ga sa hannun wani mutum da bai taɓa gani ba. Aikin wannan mutum ne za mu yi magana a kai.

Bari mu fara da ranar da manyan cikinmu ba za su manta ba. Ranar Alhamis 11 ga Yuli, 1991, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, wani jirgi samfurin DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zai nufo Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an ɗauko shi haya yana aiki da sunan Nigeria Airways. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi ba tukuna, sai ranar 27 ga Agusta na wannan shekarar, saboda haka Sakkwato ce babban birnin jiharmu. Jirgin bai yi minti 15 a sama ba. Fasinja 247 da ma'aikata 14, mutum 261 ke nan, babu wanda ya fita da rai. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da bincike ya gano shi ne ya fi ciwo. Inji bai lalace ba, fiffike bai karye ba, yanayi kuma lafiya ƙalau. Iskar taya ce. Tun ranar 7 ga wata, kwana huɗu kafin haɗarin, makanikai suka auna suka ga iskar tayoyi biyu ta yi ƙasa da abin da doka ta yarda a tashi da shi. Ba a ƙara iskar ba, ba a canja tayoyin ba, sai ma aka tarar an sauya alƙaluman da ke rubuce a takarda domin su nuna komai daidai ne. Da safiyar ranar babban makaniken ya nemi a ƙara iska. Tayar jirgi iskar naitirojin ake sa mata, ba a samu a kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a ƙara jinkiri ba, domin an riga an makara. Jirgi ya kama gudu a kan titi. Tayar da ke kusa da mai ƙarancin iska, wadda ke ɗauke da nauyinta da na 'yar'uwarta, ta fashe, ɗayar ma ta bi ta. Ƙarfen ƙafa ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, domin babu na'urar da za ta sanar da su a wannan wuri, suka naɗe ƙafar da wutarta cikin cikin jirgi, inda bututun mai da wayoyi suke. Sun juyo za su sauka, amma jirgin ya faɗi saura kusan kilomita 3 ya kai titi.

Akwai abu ɗaya a nan da muke so kowane direba a wannan zaure ya riƙe, ko da tirela yake tuƙawa. In tayoyi biyu suna jere a kan ƙarfe ɗaya, mai ƙarancin iska ba ta nuna kanta, domin 'yar'uwarta ta tallafe ta. Za ka zagaya, ka duba, ka harba da ƙafa, ka ga komai tsaf. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri kam bai sani ba, sai an sa geji. Iskar tayar babban jirgi ta ninka ta ƙaramar mota wajen sau biyar zuwa shida, kuma aikin auna ta bai wuce na 'yan mintuna ba.

Mun sani a irin wannan magana akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mu ja da ikon Allah ba, Musulminmu da Kiristanmu. Sai dai duk manomin da ya ga tsaga a jikin rumbunsa tun kaka, ya ƙyale ta har damina ta shigo, in hatsi ya ruɓe ba wanda zai karɓi wannan uzuri daga bakinsa, ko matarsa ba za ta karɓa ba.

Yanzu mu zo kan jikin jirgin kansa. Mutane da yawa suna tsammanin bangon jirgi wani kakkauran ƙarfe ne kamar na tankar yaƙi. Ina! A wurare da dama fatar jirgi, wadda yawanci ta alminiyum ce, kaurinta milimita 1 ne zuwa 2. Ƙarfinta yana zuwa ne daga haƙarƙarin da aka ɗaure ta a kai da dubban ƙananan ƙusoshi masu kai biyu, waɗanda makanikai ke kira ribit. In jirgi ya yi sama, can inda iska ta yi ƙaranci, ana hura masa iska a ciki domin fasinja su yi numfashi. Wannan iska tana tura bango waje da ƙarfin da ya kai tan 5 zuwa 6 a kan kowace murabba'in mita. Wato duk tashi jirgi kumbura yake yi kaɗan, duk sauka kuma ya saɓe. Kowa ya san yadda yaro ke karya waya ba tare da almakashi ba: ya lanƙwasa, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya miƙe, har ta gaji ta tsinke. Haka ƙarfen jirgi yake gajiya, kuma gajiyar takan fara ne da 'yar tsaga a bakin ramin ƙusa, wadda ba ta kai silin gashi ba. Turawan Ingila sun koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jiragensu biyu samfurin Comet suka tarwatse a sama, sai da aka sa gangar jikin wani jirgin a cikin ƙaton tankin ruwa ana matsa shi ana saki har ya tsage, sannan aka gane dalili. Shi ya sa mu a wurinmu ba shekarun jirgi kaɗai muke ƙirgawa ba, har da sa'o'in da ya yi a sama da yawan tashi da saukar da ya yi.

Kowace ƙasa da irin ciwon da take sa wa jirgi. A Ikko da Fatakwal laima da gishirin teku ke kawo tsatsa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri ƙurar hunturu ce ke cin bakin fikafikan cikin inji kamar ana goga musu dutsen wasa wuƙa. Ga tsuntsaye da ke faɗawa inji, ga motocin ɗaukar kaya da ke bugun jikin jirgi a ƙasa direba ya yi shiru don tsoron kora. Wurin da tsatsa ta fi so kuwa, za ku yi mamaki, shi ne ƙarƙashin ban-ɗaki da ƙarƙashin wurin dafa shayi, inda ruwa ke tsiyaya shekara da shekaru.

Saboda haka ake duba jirgi hawa-hawa. Akwai zagayen da ake yi duk saukar da ya yi, akwai na kowace rana, har da tsiyayo mai daga ƙasan tanki a ga ko ruwa ya kwanta. Kada a raina wannan: a watan Yulin 2023 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta dakatar da jirage samfurin Boeing 737 na wani kamfani a ƙasar nan, kuma cikin dalilan har da ruwa mai yawa da aka tsiyayo daga tankin man ɗaya daga cikinsu a Yola. Akwai duba na 'yan watanni, akwai babba da ake yi wajen duk shekara biyu, inda jirgi zai yi makonni a rumfa. Sannan akwai mafi girma, bayan shekara shida zuwa goma, wanda ake cire kujeru, da daɓe, da bangon ciki, wani lokaci har fenti, a bar jirgi tsirara kamar gidan da ba a gama ginawa ba.

Mafi yawan wannan aiki da ido ake yin sa, da tocila, da ɗan madubi mai mariƙi, da gilashin ƙara girma. Inda ido ya gaza sai a koma ga dabaru. Akwai wani ruwa mai launi da ake shafawa a jikin ƙarfe, a bar shi ya tsuma, a goge. In akwai tsaga ruwan ya riga ya shige, da an haska wata fitila a cikin duhu sai ta fito tana ƙyalli kamar zare. Ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, irin na ƙafafun jirgi, akan sa masa maganaɗisu a watsa garin ƙarfe, garin ya taru a kan tsagar. Akwai 'yar na'ura mai kamar alƙalami da ke aika lantarki cikin alminiyum, in ya ci karo da tsaga ko da a ƙarƙashin fenti ne sai allon na'urar ya nuna. Akwai mai aika sauti ta saurari dawowarsa, 'yar'uwar wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti. Akwai hoto irin na ƙashi. Akwai kyamara a bakin siririn bututu da ake zurawa cikin inji ba tare da an kwance shi ba. Amma wadda ta fi ba mu dariya ita ce ta sababbin jirage. Boeing 787 da Airbus A350 kusan rabin nauyin jikinsu ba ƙarfe ba ne, wani zare ne mai ƙarfi da aka jera hawa-hawa aka manne da danƙo. Irin wannan in ya bugu, waje yakan zauna sumul alhali ciki ya rabu. Ɗaya daga cikin hanyoyin ganewa ita ce a ƙwanƙwasa da ɗan guduma ko kwabo a saurara. Ranar da aka fara koya mana wannan, iyayenmu mata muka tuna a kasuwar Zuru, yadda ba sa biyan kuɗin tukunya sai sun ƙwanƙwasa ta da yatsa sun ji amonta.

To, in an ga lahani fa? Nan ne ainihin maganarmu. Ba a yarda makanike ya yi gyara da ra'ayinsa ba, komai daɗewarsa a aiki. Kowane samfurin jirgi yana da littafin gyaran jiki da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Da farko za a auna tabon: tsawonsa, faɗinsa, zurfinsa, da nisansa daga ƙusa ko haƙarƙari mafi kusa. In bai wuce iyakar da littafi ya yarda ba, sai a goge shi ya yi sumul, a shafa maganin tsatsa, a rubuta shi a taswirar tabban jirgin. In ya wuce, dole a yanke wurin da ya lalace a fitar da shi gaba ɗaya, a zagaye kusurwoyin ramin domin tsaga tana son kusurwa mai kaifi, sannan a ɗora faci na irin ƙarfen, mai kaurin da aka ƙayyade, da yawan layukan ƙusa da aka ƙayyade. Ko nisan ƙusa daga bakin faci a rubuce yake, ba ya kasa ninki biyu na kaurin ƙusar. Faci in ya yi sirara zai yage, in kuma ya yi kauri fiye da kima sai ya tura wahalar zuwa gefensa, fatar da ke kewaye ta tsage. In lahanin ya fi ƙarfin littafi, sai a aika wa injiniyoyin kamfanin su zana gyara na musamman. Bayan an gama, wanda ya yi aiki daban, wanda zai duba ya sa hannu daban, kuma facin ya shiga jerin wuraren da za a riƙa komawa ana dubawa muddin jirgin yana aiki.

Dalilin wannan tsanani shi ne mugun faci ba ya nuna halinsa da wuri. A watan Yunin 1978 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya daki ƙasa da wutsiya wajen sauka a Osaka, bangon baya mai riƙe iskar cikin jirgi ya lalace. Ma'aikatan Boeing da kansu suka zo gyara. Zane ya ce a haɗa sabon ɓangare da tsoho da faranti guda, layi biyu na ƙusa su riƙe. Da farantin bai zauna yadda suke so ba sai aka raba shi biyu, ya zama a wani yanki layi ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da nauyi. Aka shafe wurin da danƙo, daga waje babu mai gane bambanci. Jirgin ya yi shekara 7 yana aiki, ya tashi fiye da sau 12,000. Ranar 12 ga Agusta, 1985, bayan ya tashi daga Tokyo, bangon ya ɓalle, iskar ta tumɓuke mafi yawan wutsiyar da ke tsaye, ta tsinka duk bututun man da ake sarrafa jirgin da su. Matuƙan sun yi wajen rabin awa suna fama da shi kafin ya daki dutse. Cikin mutum 524, huɗu suka rayu.

Na ƙasar Taiwan ya fi wannan daɗewa a ɓoye. A watan Fabrairun 1980 wani Boeing 747 na China Airlines ya goge wutsiya a Hong Kong. Maimakon a yanke fatar da ta karce a fitar, sai aka ɗora faci a kanta, facin ma bai wuce iyakar karcen yadda ya kamata ba, aka rubuta a littafi cewa an gyara bisa ƙa'ida. Wannan shi ne yaɓe a kan tsagar rumbu. Shekara 22 tsaga tana girma a ƙarƙashin faci. Ranar 25 ga Mayu, 2002, jirgin ya rabu a sama da mutum 225. Daga baya da aka koma kan hotunan da aka ɗauki facin watanni kaɗan kafin haɗarin, sai aka ga wani datti ruwan ƙasa a gefensa: hayaƙin tabar da fasinja suka sha a shekarun baya ne ya riƙa tsiyayowa ta tsagar. Alama tana nan a fili, wanda ya gan ta bai san fassararta ba. Irin wannan ne Bahaushe ke kira gyaran gangar Auzinawa, kuma a sana'armu mun fi tsoronsa a kan lahanin da ba a taɓa ba, domin wanda ba a taɓa ba yana nan a buɗe, wata rana wani zai gani.

Ƙananan abubuwa ma haka. A watan Yunin 1990 wani jami'in gyara a Birmingham ta Ingila ya canja gilashin gaban jirgi samfurin BAC 1-11 da tsakar dare, irin samfurin da ya faɗi a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayu, 2002. Bai buɗe littafi ya duba lambar noti ba, ya gwada da ido. Cikin noti 90, guda 84 sun kasa kaurin da ake buƙata da abin da bai kai milimita 1 ba. Da jirgi ya yi sama gilashin ya fice, iska ta zuƙe kyaftin har rabin jikinsa yana waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin. Allah ya yi da sauran kwanansa. Mutumin da ya yi aikin ba rago ba ne, ƙwararre ne da ke son jirgi ya fita kan lokaci. Kada kuma a ce wannan tsohon zance ne: a watan Janairun 2024 wata murfin ƙofa ta fice daga sabon Boeing 737 a Amurka, saboda noti huɗu da aka cire a masana'anta ba a mayar ba, ba a kuma rubuta an cire su ba.

Akwai kuma jabun kaya. Duk wanda ya taɓa sayen kayan mota ya san akwai na asali akwai na kanti mai kama da shi. A jirgi kowane ɓangare, har noti, yana zuwa da takardar shaida mai nuna inda aka ƙera shi, da sa'o'in da ya yi aiki, da wanda ya duba shi. Wanda ba shi da takarda, ko yana ƙyalli, kwandon shara ne makomarsa. A 1989 wani jirgin ƙasar Norway ya faɗa teku kusa da Denmark da mutum 55, aka gano notukan da ke riƙe wutsiyarsa jabu ne. A 2023 kuma aka bankaɗo wani kamfani a Landan da ke sayar da kayan inji da takardun bogi, kamfanonin jirage a ƙasashe da dama suka dinga kwance injuna suna nema.

Jama'a, kun ga duk labaran nan wuri ɗaya suke komawa, wato ga mutumin da ke riƙe da biro. Jirgi ba ya tashi sai injiniya mai lasisi ya sa hannu ya buga lambarsa cewa ya duba. Manaja ba zai iya sa masa hannun ba, mai kamfani ma ba zai iya ba. Wata shekara lokacin jigilar alhazai, a wani filin jirgi na Arewa, mun ga mai yana tsatsafowa daga ƙafar jirgi fiye da yadda littafi ya yarda. Alhazai sun kwana uku a sansani, an riga an kira su, wasu har sun yi layi. Muka ce ba za mu sa hannu ba sai an kawo abin canji. Manaja ya yi lallashi, ya koma barazana. Da labari ya fita waje, cikin waɗanda suka fi ɗaga murya har da wani dattijo ɗan ƙasarmu, wanda da ya ji daga inda muka fito sai ya juya harshe zuwa C'lela domin zagin ya shiga sosai. Ya ce ɗan gida ne zai hana shi zuwa Makka. Ba mu ce masa komai ba, domin babba ne. Jirgin ya tashi washegari. Ba za mu ce da ya tashi a ranar da ya faɗi ba. Wataƙila da ya je ya dawo lafiya. Wahalar aikin ke nan: in ka yi daidai babu abin da zai faru, ba ka da abin nunawa sai fushin jama'a. Roƙonmu gare ku, ranar da kuka ji sanarwa a filin jirgi cewa an jinkirta tashi saboda matsalar na'ura, ku yi fushi da kamfanin in bai ba ku ruwa da wurin zama ba, wannan haƙƙinku ne, amma ku bar mai tocila ya gama aikinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma idonku ya ga wani abu wajen hawa, ku faɗa. A 1988 a tsibirin Hawai wata fasinja ta ga tsaga kusa da ƙofar wani tsohon Boeing 737 ta yi shiru, tana ganin masu jirgi sun sani. A sama rufin jirgin mai tsawon mita 5 da rabi ya yaye, ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta.

Saura maganar 'ya'yanmu, wadda ita ce ta sa muka amsa wannan gayyata. Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama a Zariya, wadda ke da sashe na musamman na koyar da gyaran jirgi. A Kaduna rundunar sojan sama tana da cibiyar fasaha, AFIT, wadda ta zama jami'a kuma tana ɗaukar farar hula. Duk da haka sai a watan Janairun 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban duba na Boeing 737 a Ikko, abin da aka yi ta murna da shi, domin kamfanoninmu sun saba kai jiragensu Habasha, da Masar, da Turai, su biya da dala. Wannan kuɗi albashin 'ya'yan wasu ne. Mu kuwa a nan gida, yaro in ya gama sakandare hanya biyu muke nuna masa: kaki, ko aikin ofis. Ba mu raina kaki ba, shi ya fitar da sunan Zuru a ƙasar nan. Amma jirgin yaƙi ma sai makanike ya sa hannu yake tashi, kuma wannan ilimi ne da mutum zai yi ritaya da shi ya ci abinci a kowace ƙasa.

Abin da ake nema ga yaro shi ne kyakkyawan sakamako a Lissafi, da Fiziks, da Turanci, domin littattafan aikin duk da Turanci suke, sai lafiyar ido, sai haƙuri. Bayan makaranta zai yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wani, ya ci jarrabawar NCAA ya sami lasisi, sannan ya yi kwas kan kowane samfurin jirgi da zai sa wa hannu. Hanya ce mai tsawo, amma kuɗinta bai kama ƙafar na koyon tuƙi ba. Mutanen da kakanninsu suka yi shekaru suna noman golmo kafin a ba su mata, bai kamata tsawon hanya ya ba su tsoro ba. 'Yan mata ma suna wannan aiki, mun kuma yi aiki da waɗanda idonsu ya fi namu.

Inda muke tuntuɓe shi ne tun daga tushe. Makarantunmu da dama a Ribah, da Mahuta, da Dirin Daji, da Bena suna fama da ƙarancin malaman Fiziks da kayan gwaji, ga rashin tsaro da ya kori wasu yara daga aji. Shawararmu ga kwamitin ilimi guda biyu ce. A cikin guraben tallafin karatu da ƙungiya ke bayarwa, a ware ko da biyu ne duk shekara domin masu zuwa Zariya ko Kaduna koyon gyaran jirgi, a zaɓe su da jarrabawa, kada a zaɓa da sanayya. Na biyu, rassan birane su ɗauki nauyin alawus na malamin Fiziks ɗaya a kowace ƙaramar hukuma huɗu na masarautar. Mu a namu ɓangaren mun amince za mu riƙa zuwa lokacin dogon hutu mu zauna da ɗaliban ajin ƙarshe, mu taya su cike takardun neman shiga, mu kuma nema wa waɗanda suka gama wurin koyon aiki. Mun bar sunayenmu a wurin sakataren ƙungiya, iyayen da ke da yaro ko yarinya mai sha'awa su same shi kafin a watse.